Takardar Kuɗi Mai Tauraro: Mene Ne Ke Sa Ta Tsada?

Yau filin namu zai taɓo wata magana da ke yawo a wayoyin hannu. Ana cewa wai akwai takardun kuɗi masu wata alama, waɗanda in Allah ya ba mace guda ɗaya, to kakarta ta yanke saƙa. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari. Tun da yake mu ke riƙe da kuɗin cefane da na adashi da na 'yar sana'a, ya kamata mu san gaskiyar abin, kada a yi mana sakiyar da ba ruwa.

Kowace takardar kuɗi tana da lambarta, kuma lambobin a jere suke fitowa daga ma'aikatar buga kuɗi. To, wani lokaci tawada kan zube, ko inji ya yanka takarda a karkace. Irin waɗannan ba a barinsu su fita, lalata su ake yi. Amma bandir ɗin tilas ya cika ɗari. Kin ga mai goro in ya tsinci ruɓaɓɓe a ƙwarya, sai ya jefar ya sa wani, don ƙwaryar ta cika ɗari. Haka su ma suke yi. Sake buga lambar da ta lalace aiki ne mai tsada da cin lokaci, saboda haka sai a tanadi wasu takardu daban, masu nasu jerin lambobi da wata alama, ana cike gurbi da su. Su ne takardun madadi.

Alamar ta danganta ga ƙasa. A Amurka tauraro ne a jikin lambar, kuma tun 1910 suke yin haka. A Indiya ma tauraro ne, sun fara a 2006. A nan Nijeriya masu tara kuɗi suna gane takardar madadi da haruffan DZ a farkon lambar.

Abu na farko da za ki riƙe shi ne, takardar madadi kuɗi ce sosai, ba jabu ba ce. A Indiya an taɓa baza jita-jita cewa masu tauraro na bogi ne, har sai da babban bankin ƙasar ya fito a watan Yuli 2023 ya ce a karɓe su kamar kowace takarda. Saboda haka in aka ba ki irinta a kasuwa, kada ki ƙi karɓa don alamar.

Abu na biyu, alamar ita kaɗai ba ta sa tsada. Ƙaranci ke sa tsada, shi kuwa ƙaranci yana da dalilai.

Na farko, nawa aka buga? A Amurka cikakken zubi guda na masu tauraro ya kan kai takarda miliyan 3.2. Masu tarawa ba su cika damuwa da irin wannan ba, don ta yi yawa. Zubin da suke nema shi ne wanda bai wuce 640,000 ba. Watau takardu biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya ana rububinta, ɗaya kuwa darajarta ba ta wuce abin da aka rubuta a jikinta ba.

Na biyu, nawa suka rage? Idan gwamnati ta canja kuɗi, tsofaffin da aka mayar banki lalata su ake yi. Iyayenmu ba za su manta da watan Afrilu 1984 ba, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja launin naira, aka ba mutane kimanin mako biyu su kai tsofaffi banki. Haka kuma takardun kwabo 50 da naira 1 sun koma ƙarfe a 1991. Ƙananan kuɗi su suka fi shan wuya, daga hannun mai ƙosai zuwa na mai gishiri, don haka samun mai tsabta a cikinsu bayan shekaru sai an tona.

Na uku, lafiyar takardar. Wadda ba a taɓa ninkewa ba, tana ƙamshin sabunta, ita ce ta gaban goshi. Wadda aka ƙulle a haɓar zane, ko manja ya taɓa, ko aka tattake wurin liƙi a gidan biki, darajarta a wurin masu tarawa ta zube. Wankewa da guga ba sa gyara ta, ƙara ɓata ta suke yi.

Na huɗu, kuskuren da ya kuɓuce wa ma'aikata. Labarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na takardar dala 1 mai tauraro, jerin 2013, ta reshen New York. An buga ta a Washington a 2014, sa'an nan a 2016 aka sake buga lambobi iri ɗaya a Fort Worth ta Jihar Texas, har fiye da miliyan 6. Amma abin da masu baza labarin ba sa faɗa shi ne, babban kuɗin yana wurin wanda ya haɗa tagwayen, watau takardu biyu masu lamba ɗaya. Neman ɗayar kuwa kamar neman allura ne a cikin rairayi.

Bayan duk wannan, sai in akwai mai saye. Abin da ba mai nema, ko shi kaɗai ne a duniya, ba ya kawo kuɗi.

To, ina amfanin wannan bayani gare mu? Da farko, in wani ya zo miki da takarda yana cewa ki saya da tsada, gobe za ki sayar ninki goma, ki tambayi kanki me ya hana shi sayarwa da kansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sa'an nan ki sani dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, a sashe na 21, ta hana wulaƙanta naira da liƙi da ita, ta kuma hana tallarta da cinikinta. Hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyu.

Kada kuma ki tara kuɗin gida a ƙarƙashin katifa da sunan jiran su yi tsada. Tsadar kaya na cin darajarsu kullum, ga gara, ga gobara. Mun dai ga yadda aka sha wuya a farkon 2023, bayan an sake fasalin naira 200 da 500 da 1000, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga maganar aka ci gaba da karɓar tsofaffin.

Wadda ke da sha'awa, ta ajiye ƙaramar takarda ɗaya ko biyu masu tsabta, a shimfiɗe, nesa da laima da rana. Ko ba ta yi tsada ba, littafin tarihi ce ga yara. A naira 20 kaɗai za ki nuna musu Janar Murtala Muhammed a gaba, a baya kuma Ladi Kwali, mace mai ginin tukwane wadda sana'ar hannunta ta kai ta jikin kuɗin ƙasa.

Allah ya sa mu dace, ya sa albarka a ɗan abin da muke juyawa. Sai mun sake saduwa a wannan fili.