Kan Sarki Da Sarakunan Dambe: Ina Namu?

Akwai kalmomin da Bahaushe kan furta kullum ba tare da ya tsaya ya leƙa cikinsu ba, sai mu da muka koyi harshen daga baya, a kasuwa da makaranta, mu ne sukan tsaya wa a rai. Ɗaya daga cikinsu ita ce "kan sarki", wato 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya. Dalilin sunan a fili yake. Na farko a duniya, wanda aka fitar a Ingila a 1840, kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa. Da Turawa suka kafa mulkinsu a Arewa a 1900 nata suka kawo, daga baya na Sarki Edward na bakwai, sannan na Joji na biyar, wanda ya hau takardun Nijeriya bayan haɗewar 1914. Bahaushe ya duba ya ga kai babu gangar jiki, ya raɗa masa suna, sunan kuma ya bi shi har yau.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, sarakunan dambenmu na gargajiya sun cancanci a ga kawunansu a jikin kan sarki, kuma aikin da zai kai ga haka a hannunmu yake, mu ɗaliban Hausa, tun kafin a je ga gwamnati.

Bari mu fara da yadda wasu suka yi da nasu. A damben boksin babu kambin da ya kai na ajin masu nauyi daraja, kuma tarihinsa a rubuce yake daki-daki. An san cewa Jack Johnson ne baƙar fata na farko da ya ɗauke shi, bayan ya doke Tommy Burns a birnin Sidni a 1908. An san Joe Louis ya riƙe shi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, kuma a 1938 ya gama da Bajamushe Max Schmeling tun a turmin farko. An san Rocky Marciano ya yi dambe 49 ba a taɓa cin sa ba. An san ranar 30 ga Oktoba 1974 Muhammad Ali ya kwantar da George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa. Saboda haka da Amurka ta tashi karrama Joe Louis da kan sarki a 1993, da Marciano a 1999, komai yana nan a ajiye: suna, da shekara, da hoto. Masu tara irin waɗannan takardu kan jera su a kundi, kowane zakara da shafinsa, har mutum ya karanta tarihin wasan ta hanyar buɗe shafuka kawai.

Wanda suka fi so kuwa shi ne sassaƙaƙƙe. Shi wannan, gwani ne yake zama da farantin ƙarfe da ɗan tsinken ƙarfe mai kaifi, ya ƙwarzana hoton a juye, layi bayan layi. A zuba tawada ta shige cikin ramukan, a goge saman, sannan a danne takarda da ƙarfi ta tsotso tawadar. Shi ya sa in ka shafa za ka ji ɗan tudu-tudu, kamar yadda ake ji a jikin sabuwar takardar naira. Aiki ne mai cin lokaci, ba a kuma yi wa kowa shi sai wanda ƙasa take son fuskarsa ta daɗe.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba a boksin. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a ajinsa a Faris a 1957. Dick Tiger ya ci nasa kambin a 1962, ya kuma kare shi a Ibadan a 1963 a gaban 'yan ƙasarsa. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu, Nojim Maiyegun ne ya ciwo ta da dambe a Tokiyo a 1964. Samuel Peter kuwa ya ɗauki ɗaya daga cikin kambunan masu nauyi a 2008. Duk waɗannan ɗalibi zai same su a littafi.

To, ina namu na gida? Kowa ya san sunan Shago, ya san Ɗandunawa, ya san Ado Ɗankwaure. Amma ta ina muka san su? Galibinmu ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan'anace ne, da kalangunsa. Allah ya jiƙansa, ya yi nasa. Sai dai waƙa aikinta zuga da kambamawa, ba lissafi ba. Za ta gaya maka jarumi ya fi kowa, amma ba za ta gaya maka shekarar da aka yi karon ba, ko a wane gari, ko a turmi na nawa aka yi kisa. Mai sassaƙa kuwa ba ya sassaƙa kirari. Hoto yake nema, da cikakken suna, da shekarun rayuwa. In babu su, ko hukumar gidan waya ta amince yau, ba ta da abin da za ta buga.

A nan ne Kasuwar Gombe ta shigo cikin zancen. Dambe tun asali wasan mahauta ne, kalangun da ake zuga ɗan dambe da shi kuma shi ne kiɗan fawa. Gombe kuwa gari ne da kasuwa ta raina. Tun da aka dawo da mazaunin masarautar nan a 1919, aka zo zamanin cinikin auduga, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, har ta zama babban birnin jiha a 1996, mutane ke ta kwararowa daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, kowa da sana'arsa da wasansa. Nan ne Bafillace da Batere da Batangale da Bawaje da Babole suke ciniki da Hausa. Duk wanda ya shiga wajen mahauta da yamma, bayan ciniki ya lafa, zai tarar da dattawan da suka ga dambe da idonsu lokacin kaka, waɗansu ma sun ɗaura kara sun shiga fage. A ƙwaƙwalwarsu littafin yake, kuma kowace shekara sai an binne wani babi.

Ga ɗalibin harshe, wannan fage ne mai romo. Dubi kalmomin kawai: kara, turmi, kisa, sare, ɓangaren Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa. Me ya sa wanda ya taɓa ƙasa ake cewa an "kashe" shi alhali da ransa? Dubi kuma sunaye irin su shagon wane, bahagon wane, garkuwan wane, autan wane. Kowane suna yana ɗauke da na maigidan da ya yi reno, ta yadda in an bi su a tsanake za a fitar da salsala kamar ta malamai. Wannan kaɗai ya isa kundin kammala digiri, maimakon mu riƙa maimaita batutuwan da yayyenmu suka riga suka tatse.

A kasuwar dai, akwai taska ta biyu. Tsofaffin 'yan kasuwa sun yi zamanin da ake manna kan sarki a jikin rasit da takardar yarjejeniya a sa hannu a kansa, kuma da yawa suna da adakar tsofaffin wasiƙu. Jikoki kan share su zuwa bola, ko su ƙare a hannun mai ƙosai. Wanda ya samu irin wannan kada ya ɓanɓare. Ya bar ambulan ɗin yadda yake, domin hatimin gidan waya da ke kansa yana nuna gari da rana, shi ma shaida ne. Ya ajiye inda babu laima da gara. Da irin wannan ake fara tari, ba sai da kuɗi ba.

Na san wani zai ce, wa yake rubuta wasiƙa yanzu da wayar salula ta zo? Gaskiya ne wasiƙa ta ja baya. Amma kan sarki ya daɗe da wuce kuɗin aika saƙo kawai, ya zama hanyar da ƙasa take cewa "wannan namu ne". Wani kuma zai ce dambe wasan layu da guraye ne da zubar da haƙora, bai kamata a ɗaukaka shi ba. Ban musa cewa akwai abin gyara ba, musamman wajen kula da lafiyar 'yan wasa. Sai dai rubuta tarihin abu daban, amincewa da duk abin da ke cikinsa daban. Boksin ma da hannu tsirara ya fara, sai a 1867 aka fito da dokokin da suka kawo safar hannu da turmi mai minti uku. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki kokawa tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, suka mai da ita abin alfaharin ƙasa. Mu ma nan gida, tun 2007 hoton Ladi Kwali, mai ginin tukwane, yake a bayan naira 20. In mai tukunya ta samu, kuma ta cancanta, me zai hana ɗan dambe?

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta ɗauki wannan aiki a wannan zangon karatu. A nemi izinin Sarkin Fawa, a je da rikoda da littafi, a zauna da dattawa cikin ladabi. A rubuta sunan yanka da sunan dambe, da gari, da ɓangare, da maigida, da manyan karon da mutum ya yi. A nemi tsofaffin hotuna a wurin iyalai, a ɗauki kwafi a mayar musu da kayansu. Abin da aka tara a ajiye a ɗakin karatu na sashe. Bayan nan ne malamanmu za su iya rubuta wa hukumar gidan waya ta ƙasa da hujja a hannu. Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma dattawan nan ba za su jira mu gama digiri ba.

Allah ya sa mu dace, amin.