Ra'ayinmu: In An Rubuta Sabon Fayil a Kan Tsoho

'Yan'uwa, ikkilisiyoyi da dama sun mai da rajistar baftisma da lissafin baiko cikin kwamfuta. Madalla. Amma wata rana sakatare zai ajiye lissafin bana da sunan na bara, kwamfuta ta tambaye shi ko a maye gurbin tsohon, shi kuwa cikin gaggawa ya yarda.

Gogewa dabam, rubutawa a kai dabam. In an goge fayil a faifai mai juyawa (HDD), sunansa kaɗai ake cirewa. Bayanan suna nan kwance a faifai har wani abu ya hau kansu. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan tono su, muddin an daina aiki da injin nan take, ba a kuma saka manhajar a wannan faifan ba. Amma inda sabo ya hau ainihin wurin tsoho, ya tafi ke nan. Kada a biya mai gyaran da ya rantse zai dawo da shi. Sai dai a nemi kwafi: a imel, a filashi, ko a File History na Windows in da ma an kunna shi.

A 1998, kamfanin Pixar na Amurka ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, ajiyarsu ta ko-ta-kwana ma ta gaza. Kwafin da ke gidan wata ma'aikaciya mai jego ne ya cece su.

Muna roƙon dattawa su sa a ajiye kwafi a wajen ofis, a riƙa buɗe shi kowane wata a gani ko yana aiki. Tsohon littafin rajista kuma, kada a bar wa gara.