Umarnin Wucin Gadi Na Kotu: Wa Ke Ɗaukar Asarar Jira?

A ranar 6 ga watan Fabrairu na 1992 ne rikici ya ɓarke a Zangon Kataf, a kudancin Jihar Kaduna, kan batun tayar da kasuwar garin. Majalisar ƙaramar hukuma ta yanke shawarar mayar da kasuwar wani sabon wuri, al'ummar Atyap suka yi na'am, Hausawan garin suka ƙi amincewa, har aka garzaya kotu aka samo umarnin dakatar da ƙaurar. Takardar ba ta hana mutane haɗuwa a filin ba, kuma ba ta hana zubar da jini ba. Gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sai kuma a watan Mayu wutar ta sake tashi, ta bazu har Kaduna da Zariya.

Tushen wannan rikici ya girmi kowace takardar kotu, domin magana ce ta ƙasa da sarauta da iko. Amma akwai abin lura a ciki ga 'yan kasuwa. Umarnin wucin gadi ba ya raba gardama kan wanda ya mallaki abu. Aikinsa shi ne a bar dukiya yadda take har alƙali ya saurari kowa. Matsalar ita ce, dukiyar kasuwanci ba ta zama yadda take. Kullum tana ƙaruwa ko tana lalacewa.

A ɗauki gonar citta a Kachia ko Kwoi. Ana shuka a farkon damina, a tona bayan ruwa ya ɗauke. Idan 'yan uwa biyu suka shiga shari'ar gado a tsakiyar damina, alƙali ya hana kowa taka gonar, to ciyawa ba ta san da umarnin ba. Kafin a zauna sauraron ƙarar, amfanin shekara ya tafi, bashin taki kuma yana nan. Manomin da annobar citta ta 2023 ta riga ta karya ba shi da ƙarfin ɗaukar asara ta biyu. Haka abin yake ga shago a Kafanchan da aka garƙame da kaya a ciki: hayar wata-wata ta tsaya, masu saye sun koma maƙwabta, ɗan hayan da ba ruwansa da rigimar masu gida shi ne ya fara kwana da yunwa. Ga kuma faɗuwar darajar naira, wadda ke sa duk kuɗin diyyar da za a biya bayan shekaru ya zama abin dariya.

Doka ta san da wannan haɗari. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya, wadda ta taso daga rigimar bankin Société Générale, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗa a 1989. Umarnin da ake bayarwa a bayan idon abokin shari'a sai da gaggawa ta haƙiƙa, ba wadda mai ƙara ya jawo wa kansa da jinkiri ba. Ya kasance na ɗan lokaci, har a kira ɗaya ɓangaren. Sannan mai neman umarnin ya ɗauki alƙawarin biyan diyya idan ta bayyana bai cancanci samunsa ba. Dokokin Babbar Kotun Legas na 2004 ma sun ƙayyade wa irin wannan umarni kwana 7.

Wannan alƙawari na diyya shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lauya kan rubuta shi cikin layi guda a takardar rantsuwa, ba a tambayi mai ƙara abin da ya mallaka ba, ba a ƙiyasta abin da rufe shagon zai ci a wata ba. A ilimin tattalin arziƙi, duk abin da aka sa wa farashin banza, za a neme shi fiye da kima. Muddin samun umarni bai fi kuɗin lauya ba, mai ƙarfi zai riƙa amfani da shi don ya gajiyar da mai rauni, ya tilasta masa sayar da haƙƙinsa da araha. Ya kamata alƙalan Kafanchan da Kachia da Zonkwa su riƙa neman a ajiye kuɗi ko jingina daidai da asarar da ake hange kafin su sa hannu.

Kuma ba dole ne a kulle dukiya don a tsare ta ba. Kotu tana da ikon naɗa wakili ya riƙa karɓar haya yana zubawa a asusu, ko ta bar wanda ya shuka ya girbe a gaban shaidu, a sayar, a ajiye kuɗin. Kayan da ke saurin lalacewa a sayar da su nan take. Wanda ya yi nasara daga baya zai tarar da kuɗi maimakon kufai.

Sai dai kada mai hannu da shuni ko mai mulki ya ɗauki wannan a matsayin izinin take umarnin da bai yi masa daɗi ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Legas saboda ta fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive da ke Ikoyi da ƙarfin bindiga, alhali magana tana gaban kotu. Hanyar da doka ta buɗe wa wanda aka cuta ita ce ya koma gaban alƙalin ya nemi a janye umarnin.

Ga mai shirin sayen fili ko karɓar jingina a yankin, binciken takardu a hukumar KADGIS bai wadatar ba, domin filayen karkara da dama suna ƙarƙashin mallakar gargajiya wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta amince da ita, ba su da satifiket. Sai ya tuntuɓi dagaci da magada, ya kuma sa lauya ya duba rajistar Babbar Kotu da ta kotunan gargajiya da na Shari'a ko akwai ƙara a kan filin, tun kafin ya biya kafin alƙalami.