Waiwaye: Littafin Masu Rage Tumbi

A Jimeta in mutum ya rame ba barka ake yi masa ba, jaje ake yi masa. Rage kilo biyar ka je ɗaurin aure cikin garin Yola, za ka ga an riƙe hannunka an ƙi saki, ana leƙen fuskarka: "Alhaji, lafiya kuwa? Ko jikin ne?" Ka ce da gangan ka yi, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Na mace ya fi tsanani, don mijinta za a tuhuma. Kafin mako ya zagayo goggonninta sun iso jin ko abinci ya yi ƙaranci a gidan. Mun taso muna ganin tumbi shaidar samu ne, kuma har yau akwai 'yan matan da ke haɗiyar ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" in biki ya matso. Wanda ya ce zai rage jiki shi kaɗai a irin wannan gari, yunwa ce ƙaramar abokiyar gabarsa. Bakin mutane ne zai kayar da shi.

Alhali ƙibar ta riga ta zama ciwo a cikinmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Mu nan ba sai an kawo mana lissafi ba. Iyayenmu sun taka da ƙafa zuwa gonakin Geriyo da bakin Binuwai, suka sha furarsu ta bi jiki. Mu kuwa acaɓa ya fara ɗauke mana tafiya, da aka hana shi Keke Napep ya karɓa, yana kai ka har bakin zaure. Cin bai ragu ba. Kunun gyaɗa, wanda shi ne abin alfaharin Adamawa, yanzu ba a ganin ya haɗu sai an zuba masa sukari har cokali ya ji. Ga shayin safe, ga lemon kwalba a kowane suna da walima, ga gonar rake ta Numan nan kusa da mu.

Ƙungiyarmu ta masu rage tumbi ta samo asali ne daga sahun sallar asuba, a shekarun da ake ginin gadojin sama na farko a Jimeta, garin duk ƙura da shingaye. Likita ya gaya wa wani ɗan kasuwa a unguwarmu cewa jininsa ya hau, sukarinsa kuma yana bakin iyaka. Ya ji kunyar a gan shi yana zagaye titi shi kaɗai kamar wanda ya yi ɓatan kai, sai ya roƙi maƙwabcinsa ya raka shi. Daga biyu aka koma 'yan kaɗan, aka koma ayari: ma'aikatan sakatariya, direba, tela, da wani tsohon hedimasta da kowa ke kira Malam. Mukan miƙa ta wajen Dandalin Ribadu, ranar da ake jin ƙarfi a hau tudun Dougirei, a dawo kafin rana ta buɗe ido. A Yola ba a wasa da wannan. Daga Maris zuwa Afrilu zafi yakan haura digiri 40, wanda bai yi tafiyarsa da asuba ba ya yi asararta.

Malam ne ya kawo littafi. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana kiran suna a aji ba zai iya ganin taro babu rajista ba. Ya ja layuka da rula, suna a hagu, ranaku a sama. Aka yi karo-karo aka sayo sikeli a babbar kasuwar Jimeta, kowace Asabar a hau a zaurensa, shi kuma ya ɗaga tabarau ya karanta lambar da ƙarfi kafin ya rubuta.

Wannan karantawa da ƙarfi ita ta kusa rushe mu. Makonnin farko daɗi, don jiki yakan saki ruwa da wuri, kowa na ganin ragi. Da abin ya tsaya cak, sai gasa ta shigo. Wani ya ce a sa kyauta ga wanda ya fi ragewa a wata. Daga nan aka fara ganin abin mamaki. Akwai wanda ba ya cin abincin daren Juma'a, ya zo awo yana jiri, ya sauka daga sikeli ya wuce wurin mai shayi ya ci Indomie da ƙwai uku. Akwai wanda ya sayi shayin rage ƙiba daga hannun masu talla da lasifika, ya wuni yana zarya bayan gida. Abin da ya zubar ruwa ne, kitsen na nan inda yake. Direban nan kuwa, wanda ya fi kowa buƙatar tafiyar, ya ƙaru da kilo ɗaya, aka yi masa dariya, ba ta mugunta ba, irin ta abokai. Asabar ta gaba bai zo ba. Ta gaba ma haka.

Malam bai yi wa kowa wa'azi ba. Littafin ya sake. Kilo ya koma shafukan baya, kowa da nasa, ba mai gani sai mai shi da Malam. Shafin gaba da ake buɗe wa jama'a bai ƙunshi komai ba sai abin da ke hannun mutum: ya fito ko bai fito ba, cokali nawa na sukari ya sa a shayi, lemon kwalba nawa ya sha a makon. Tela ya ba da tef ɗinsa, sau ɗaya a wata a auna ƙugu daidai cibiya, da ƙa'idar da likitoci ke bayarwa cewa kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Sai doka ɗaya: wanda aka rasa sau biyu a jere, mutum biyu za su je ƙofar gidansa bayan asuba, ba da faɗa ba. Ni da tela aka aika wurin direban. Ya fito yana murza ido, tela ya ce, "Hamma, mun zo duba jiki ne." Ya ce lafiyarsa ƙalau. "To ɗauko takalminka."

Ina ganin nan ne hikimar take, kuma ita ce yawancin masu wannan harka ke kuskurewa. Nauyin jiki ba ya bin umarni mako-mako. Gishirin miyar jiya, ruwan da ka sha, ko cikin da bai sauka ba, suna iya motsa sikeli da kilo guda ba tare da kitse ya canja ba. In ka auna mutum da abin da ba ya hannunsa a gaban jama'a, ko ya yi maguɗi ko ya gudu. Fitowa kuwa tana hannunsa, kuma abokai na iya taimaka masa a kanta.

Ba mu muka fara gano haka ba. A 1961 wata matar aure a unguwar Queens ta birnin New York, Jean Nidetch, ta tara ƙawayenta a ɗakinta suna faɗa wa juna gaskiyar abin da suke ci a ɓoye. Daga nan kamfanin Weight Watchers ya fito a 1963. A 1999 masu bincike biyu a Amurka, Rena Wing da Robert Jeffery, sun gwada abin a aikace. Cikin waɗanda suka shiga shirin rage nauyi su kaɗai, kashi 24 cikin 100 ne suka riƙe ragin da suka samu bayan watanni. Cikin waɗanda suka zo da abokansu aka kuma tsara musu tallafa wa juna, kashi 66 ne. Sannan ragin da ake nema bai kai yadda muke tsorata kanmu ba. Babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka wallafa a Amurka a 2002 ya sa wa mutane burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58. Ga mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Ba sai ya koma kamar saurayi ba.

Mata sun fi mu dabara. Addata da ke Yola ba za ta iya fita titi da duhun asuba ba, haka ƙawayenta. Sai suka ɗora abin a kan adashinsu da ya daɗe yana tafiya. Uwar adashi ce ke ajiye sikeli a ƙuryar ɗaki, ranar zubi kowa ta shiga ita kaɗai ta hau. Tafiyarsu a farfajiyar wata Islamiyya suke yi bayan an tashi yara, da hijabansu. Sun kuma taɓa inda mu maza ba mu isa ba, wato tukunya: ludayin mai nawa ke shiga miya, dunƙulen ɗanɗano nawa, malmalar tuwo wace iri. Har amsa suka shirya wa dangi masu tambayar ko lafiya: "Likita ne ya ce." Ba mai ja da likita.

Azumi da Babbar Sallah su ne jarrabawa. Mutum zai ɗauka wata guda na ƙishirwa a zafin Yola zai narkar da shi, sai ga ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo mai zaƙi sun biya bashin da riba tun kafin isha'i. A watan mukan mayar da tafiyar bayan tarawihi, Malam kuma yakan rufe shafukan baya sai bayan Sallah. Masu shan maganin sukari ko na hawan jini ba ya barin su canja komai da kansu. Asibiti yake tura su, ko na ƙwararru da ke Jimeta ko na koyarwa da ke Yola, su dawo da takarda.

Ba kowa ne ya rage ba, kuma cikin waɗanda suka rage akwai waɗanda jikin ya dawo musu. Ɗan kasuwan da aka fara dominsa har yau yana da tumbinsa, sai dai ya ragu, likitansa kuma ya daina ɗaure masa fuska. Da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, rabin Jimeta ya koma tafiyar ƙafa ba don Allah ba, mu ma muka samu sababbin mutane da sabuwar gardama: tafiyar dole zuwa ofis saboda tsadar kuɗin Keke tana shiga littafi ko ba ta shiga? An kwashe mako ana musu. Malam ya yanke cewa tana shiga, in ta kai rabin awa, kuma in akwai wanda ya gan ka.