Kafin A Yanki Hantar Mai Lafiya, A Saurari Hoto



Tiyatar da muka saba ji, mara lafiya ake kwantarwa. Dashen hanta daga mai rai ya sha bamban: lafiyayyen mutum ne za a buɗe cikinsa, a yanki wani ɓangare na hantarsa a dasa wa ɗan'uwansa. A 1989 likita Russell Strong ya yi nasarar wannan aiki a Brisbane ta Ostireliya, inda uwa ta ba ɗanta. Ana iya yi ne saboda hanta tana sake girma cikin 'yan watanni. Amma ba kowace hanta ce ta dace a yanka ba.

Shi ya sa hoto ke riga wuƙa. Da na'urar CT ake auna girman hanta, a ga inda jijiyoyin jini suka bi, a tsara layin yanka tun a kwamfuta. Ƙa'idar likitoci ita ce a bar wa mai bayarwa aƙalla kashi 30 cikin 100 na hantarsa. Abin da za a dasa kuma kada ya gaza kashi 0.8 cikin 100 na nauyin majinyaci, wato mai kilo 70 yana buƙatar kamar giram 560. Na'urar MRI tana nuna yawan kitse da hanyoyin ruwan maɗaciya, waɗanda tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan aka yanke ɗaya cikin rashin sani, mai bayarwa ne zai kwana a ciki.

Abin ya shafe mu. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, masu hali kuma suna kai majinyatansu Indiya ko Masar. Ra'ayinmu shi ne: idan hoto ya nuna ɗa ko ƙane bai dace ba, a rufe maganar. Kada dangi su ce ya ji tsoro, ko ya yi wa mahaifinsa rowa.

Wani zai ce an riga an sayar da gona, majinyaci kuma ba ya da lokacin jiran wani. Gaskiya ne, kuma akwai ciwo. Sai dai idan ragowar hanta ta yi kaɗan, tana iya kasa ɗaukar jiki, gida ya wayi gari da majinyata biyu. Zumunci ya kawo mutum asibiti, ya kuwa cika alkawari. Ko zai shiga ɗakin tiyata, wannan a bar wa likita da abin da hoto ya nuna masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.