Sojan da ya dawo da yaƙi a cikin kansa

Duk wanda yake Agadas ranar 23 ga Mayu 2013 yana tuna ƙarar motar da aka tayar da asuba a barikin soja, ranar da aka kai wa ma'adinin Arlit irin wannan hari. An binne waɗanda suka rasu, an yi musu addu'a. Waɗanda suka tsira kuwa suka koma bakin aiki. Haka aka yi bayan harin Inates a Disambar 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, haka kuma bayan harin Shinagodar a Janairun 2020, inda aka rasa 89. Muna da lissafin gawa. Yaron da ya kwashe gawar abokinsa da hannunsa, wa ya duba shi?

Irinsu suna cikin unguwanninmu. Wani ba ya barci sai da tramol ko wiwi. Wani in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya nemi bindiga. Mutanen gida sukan ce sammu ne ko iska, a kai shi wajen malam, a yi shiru don kar a ce ɗansu ya taɓu. Likitoci sun san ciwon, yana da magani, amma ƙwararrun da ke iya duba shi kaɗan ne, mafi yawansu kuma suna Yamai, kusan kilomita dubu daga Agadas.

To, ranar da irin wannan mutum ya kashe rai fa?

Dokar Nijar har yau tana da hukuncin kisa, kotuna kuma suna yanke shi, sai dai rabon da a zartar tun 1976, zamanin Seyni Kountché, bayan yunƙurin juyin mulkin wannan shekara, kuma sojoji na cikin waɗanda aka harbe. Tun daga nan wanda aka yanke wa kisa yana zaune a kurkuku yana jiran shugaban ƙasa ya sassauta masa. Wannan tsari bai ishe ni ba. Sassaucin da ke zuwa da sa hannun mutum ɗaya ba ya tambayar me ya faru da kan mai laifin, kuma wanda ya bayar yau yana iya hanawa gobe.

A Najeriya, cikin 2014, kotun soja ta yanke wa sojoji da dama kisa bisa laifin bore a fagen yaƙi da Boko Haram, har da waɗanda suka buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari na Maiduguri bayan an kawo gawawwakin ƴan'uwansu. A Disambar 2015 aka mayar da hukuncin 66 daga cikinsu ɗaurin shekara goma. A Amurka, kotun ƙoli ta soke hukuncin kisan George Porter a 2009, domin lauyansa bai faɗa wa kotu abin da Porter ya gani a yaƙin Koriya ba. Amma a 2015 jihar Jojiya ta kashe Andrew Brannan, tsohon sojan Biyetnam da likitoci suka tabbatar yana da wannan ciwo.

Abin da nake nema shi ne a sa a doka: duk sojan da ya je fagen fama, in ya tsaya gaban alƙali kan laifin da ke kai ga kisa, dole likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, rundunarsa kuma ta kawo takardar wuraren da ta tura shi. In ciwon ya tabbata, a ɗaure shi, a yi masa magani, a cire kisa daga maganar. Dokarmu ta riga ta ɗauke laifi daga wanda hankalinsa ya gushe, fiƙihun Malikiyya ma ba ya yin ƙisasi a kansa. Matsalar tana ga wanda hankalinsa bai gushe duka ba, ya dai tsage.

Na san abin da uwar wanda aka kashe za ta ce, kuma tana da gaskiya: ɗanta bai tura kowa yaƙi ba. Kaki ba lasisin zubar da jini ba ne, sojan da ya yi kisa da cikakken hankalinsa a hukunta shi kamar kowa. Amma inda aka sassauta saboda tabon yaƙi, gwamnatin da ta ba shi bindiga, ta karɓe shi a fashe ba ta duba ba, ita ya kamata ta biya iyalan mamacin diyya daga baitulmali.