Kuɗin Kamfani Da Sandar Ɗan Wasa

Manoman arewacin Zamfara sun daɗe da sanin wata irin ma'amala da ake kira falle, musamman bayan da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929 cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa. Mai saye kan ba manomi kuɗi tun damina ba ta yi nisa ba, bisa sharaɗin in kaka ta yi a biya shi da amfanin gona. Kuɗin kan zo a daidai lokacin da ake tsananin bukatarsu, amma fa wanda ya karɓa ya sallama ikon zaɓen wanda zai sayar wa, da lokacin da zai sayar, da farashin da zai karɓa. Dattawan Sakajiki da Shinkafi da Zurmi ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Abin da watakila bai zo kunnensu ba shi ne, irin wannan ciniki yana nan daram a wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, kuma ya sha durƙusar da gwanayen da duniya ke ji da su. Labarin nasu ya cancanci a tsaya a duba shi, domin darasin da ke ciki ya shafi kowane saurayi da ke fatan cin abinci da wasa a wannan ƙasa.

Shi dai golf wasa ne da mutum ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda, yana bin ramuka 18 a cikin makeken fili, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Doka ta kayyade cewa kada ɗan wasa ya shiga fili da sanduna fiye da 14, kowace da aikinta: akwai ta bugun nesa, akwai ta tsamo ƙwallo daga yashi, akwai ta gangara ta cikin rami. Gwani kan shekara da shekaru yana sabawa da nauyin sandarsa da tsawonta da lanƙwasarta, har ya zamana hannunsa ya san tazarar da ƙwallo za ta yi tun bai buga ba. A manyan gasanni, bugu ɗaya tak cikin kwanaki huɗu kan raba na ɗaya da na biyu. Saboda haka matsayin sanda a wurin ɗan golf daidai yake da matsayin gizago a wurin masassaƙi, ko allura a wurin baduku.

Ɗan golf da ya ɗauki wasan sana'a ba shi da albashi. Shi ke biyan kuɗin tafiyarsa da masaukinsa da ladan mai ɗaukar masa jaka, kuma a yawancin gasanni wanda aka fitar bayan kwana biyu na farko hannu rabbana yake komawa gida. Ta wannan kafa ce kamfanonin ƙera kayan wasan ke shigowa. Kamfani kan yanka wa ɗan wasa kuɗi tsararru kowace shekara, da ƙarin lada in ya ci gasa. Shi kuma sai ya amince zai riƙa amfani da sandunan kamfanin, wani lokaci har da ƙwallonsa, ya sa hularsa, ya kuma ɗauki jaka mai tambarinsa. Manufar kamfanin a fili take: mai kallo ya ga abin da ke hannun gwani ya tafi kanti ya sayi irinsa. Da Tiger Woods ya shiga sana'ar a 1996, an ba da labarin cewa kamfanin Nike ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 40 da shi ta shekara biyar, alhali a lokacin bai ci ko gasa ɗaya ta masu sana'a ba.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Alal misali, Payne Stewart na Amurka ya riga ya ci biyu daga cikin manyan gasannin duniya, a 1989 da 1991, kuma a 1993 shi ne na shida a jerin waɗanda suka fi samun kuɗin gasa a ƙasarsa. A 1994 sai ya sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Spalding, wadda ta wajabta masa ajiye sandunan da ya saba da su, da kuma sake irin ƙwallon da yake bugawa. A wannan shekara ya faɗo zuwa na 123. Sai bayan da ya koma ga kayan da ya zaɓa da kansa ne ya sake cin babbar gasar Amurka, watau US Open, a 1999, 'yan watanni kafin mutuwarsa a haɗarin jirgin sama.

Haka nan Rory McIlroy, mutumin Ireland ta Arewa, ya ƙare shekarar 2012 yana na ɗaya a duniya. A Janairun 2013 duniya duka ta ji sanarwar komawarsa Nike, inda ya sake sanduna da ƙwallo a lokaci guda. A gasarsa ta farko da sababbin kayan, a Abu Dabi, an fitar da shi bayan kwana biyu. Kafin ƙarshen Maris ya rasa matsayinsa na ɗaya, kuma bai ci komai ba a shekarar sai wata gasa a Ostareliya cikin watan Disamba. Justin Rose na Ingila shi ma yana na ɗaya a duniya ya koma kamfanin Honma na Japan a Janairun 2019. Ya ci gasa ɗaya a wannan wata, daga nan wasansa ya yi ta ja da baya, har suka rabu da kamfanin a watan Mayu na 2020.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ba kowace faɗuwa ce za a ɗora wa sanda ba, domin rauni da damuwa da tsufa duk sukan taɓa hannun gwani. McIlroy ɗin nan ya ci manyan gasanni biyu a 2014 da kayan Nike ɗin da aka yi ta zargi. Woods kuwa ya yi shekara 27 tare da kamfanin kafin su rabu a Janairun 2024, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya ci manyan gasanninsa 15. Daɗin daɗawa, kuɗin kamfani sun tsare 'yan wasa da yawa daga barin sana'ar a shekarun da nasara ta ƙi zuwa, kuma injiniyoyin kamfanonin kan auna wa ɗan wasa sanda daidai da tsawonsa da ƙarfin bugunsa. Aibin yana cikin sharaɗin da ke hana mutum ajiye kayan da ya ga ba su karɓe shi ba, da kuma gaggawar sake komai a dare ɗaya saboda kwaɗayin kuɗi.

Abin da ya faru a 2016 ya ƙara fito da wannan a fili. A watan Agusta na shekarar, Nike ya ba da sanarwar daina ƙera sanduna da ƙwallaye da jakunkunan golf baki ɗaya. Kamfanin da aka ɗaure 'yan wasa da kayansa ya duba littafin cinikinsa ya ga ba riba, ya kama gabansa. Wasu daga cikin waɗanda aka saki suka ƙi sake ɗaure kansu, suka riƙa tsintar sanda daga kowane kamfani gwargwadon yadda ta dace da hannunsu. A 2018, mutum uku ne suka raba manyan gasanni huɗu na shekarar, watau Patrick Reed da Brooks Koepka da Francesco Molinari, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙarƙashin yarjejeniyar sanduna da wani kamfani a lokacin. Shekara ɗaya ba ta isa ta zama hujja yankakkiya ba, amma ta nuna cewa ana iya kaiwa ƙololuwa ba tare da an sayar da 'yancin zaɓe ba.

Mai karatu na iya tambayar ina ruwan Nijeriya da wannan. Golf ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Akwai filayensa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos tun zamanin Turawan mulkin mallaka. An fara gasar Nigerian Open a 1969, kuma a filin Ikoyi da ke Ikko ne Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko ta sana'a a 1978, kafin ya shahara a duniya. Vijay Singh na Fiji ya ci wannan gasa a 1988, ya kuma zama na ɗaya a duniya a 2004. Su kuwa gwanayen gida, galibinsu 'ya'yan talakawa ne da suka fara da ɗaukar wa manya jaka a fili, suka koyi bugu da tsofaffin sandunan da aka ba su kyauta. Kusan duk kayan wasan daga waje ake shigowa da su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinsu ya ƙara yin nisa da aljihun talaka.

A nan ne haɗarin ya fi girma. In mutum kamar McIlroy, da lauyoyinsa da wakilansa, ya yi asarar kusan shekara guda saboda sake kaya, ina ga saurayin da bai taɓa riƙe sabuwar sanda ba, aka ajiye masa jaka cike da takarda a gefe aka ce ya sa hannu? Wanda yunwa ta kora teburin ciniki ba ya tsayawa karanta ƙananan rubutu. Kuma maganar ba ta tsaya a golf ba. Yaran da ke buga ƙwallon ƙafa a unguwannin Gusau da Ƙauran Namoda suna mafarkin ranar da kamfanin takalma zai neme su. Dambe ma, wanda aka saba yi a dandali bayan kaka, yanzu kamfanoni na shirya shi don nunawa a talabijin da intanet, ana kuma ƙulla yarjejeniya da 'yan damben. Da yawa daga cikinsu ba su yi zurfi a karatun boko ba, ga shi kuma da Turanci ake rubuta takardun.

Saboda haka lalle ne Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka maido da ita a 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, ta haɗa kai da ƙungiyoyin wasanni su fitar da samfurin yarjejeniya wanda ba za a yarda a gaza shi ba. Ya kamata samfurin ya ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko, a ba ɗan wasa isasshen lokacin gwada kaya kafin a wajabta masa shiga gasa da su. Na biyu, a bar masa ikon ajiye duk abin da ya tabbata yana cutar da wasansa ko lafiyarsa, ba tare da an ci shi tara ba. Na uku, a kayyade tsawon yarjejeniyar farko, don kada a ɗaure yaro shekaru masu yawa a kan farashin da aka yanka tun ba a san darajarsa ba. Na huɗu, a bayyana abin da kamfani zai biya in shi ne ya janye, kamar yadda aka gani a 2016.

Hukumomin wasanni na jihohi su ma suna da nasu aikin. Kowace jiha tana da lauyoyi a ma'aikatar shari'a, kuma ba wani kuɗi mai yawa za a kashe ba in aka keɓe ɗaya daga cikinsu ya riƙa duba wa 'yan wasa takardunsu kyauta, a kuma fassara musu da Hausa kafin su dangwala hannu. In ɗan wasan bai kai shekara 18 ba, kada a amince da kowace takarda sai a gaban iyayensa ko waliyyinsa. Wajibi ne kuma a haramta wa jami'in gwamnati ko mai horarwa karɓar la'ada daga kamfani a kan ɗan wasan da ke ƙarƙashin kulawarsa, domin wanda aka ba amanar yaro bai kamata ya zama dillalinsa ba.

Ɗalibai kuma, musamman masu karatun kasuwanci da shari'a a makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ya kamata su lura cewa wakilcin 'yan wasa sana'a ce mai zaman kanta. Mark McCormack lauya ne matashi lokacin da ya fara wakiltar ɗan golf Arnold Palmer a 1960, kuma daga wannan ne kamfanin IMG ya samo asali. Ƙasar nan tana bukatar irin waɗannan wakilai masu gaskiya da riƙon amana, waɗanda ke jin harshen ɗan wasa, suna kuma jin na kamfani.

Kamfanoni dai ba abokan gaba ba ne, kuma wasanni a Nijeriya suna bukatar kuɗinsu ƙwarai, tun da gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyin komai ba. Abin da ake nema shi ne a yi cinikin ido na ganin ido. Duk ɗan wasan da aka miƙa wa takarda, ya tambayi shekara nawa za ta ɗaure shi, da abin da ta hana shi, da yadda zai fita in tafiya ta ƙi, kuma kada ya sa hannu sai wanda ya amince da shi ya karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe.